Shin Ko Kun San? Hanyar Zama Injiniya, Daga Ruma Har Ƙasar Sin

Shin ko kun san cewa yaron Batsari ko Safana a jihar Katsina mai burin zama injiniya, tun a aji huɗu na sakandare ake yanke masa hukunci? Ranar da malamai suka raba ɗalibai, suka ce waɗannan ajin kimiyya, waɗancan ajin adabi ko kasuwanci, a ranar magana ta ƙare. Jami'o'in Najeriya ba sa ɗaukar mutum karatun injiniya sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma dole a cikinsu a sami Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, sannan a zaman da bai wuce biyu ba. Yaro zai iya cin Hausa da Addini da Tattalin Arziki da maki mafi daraja, amma in babu Fiziks, ko zagi ba za a yi masa a tsangayar injiniya ba. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu karatun adabi, sai labari ya bazu wai an soke Lissafi. Wannan sassauci bai shafi injiniya ba ko kaɗan.

Shin ko kun san cewa Fiziks da Kemistiri suna da jarrabawar aikin hannu? Ana ba yaro ma'auni da waya da batir da ruwan sinadari, a ce ya gwada ya rubuta abin da ya gani. Wanda bai taɓa riƙe waɗannan kaya ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa yake yi. Shi ya sa tun da can iyaye masu lura a ƙasar Ruma, wato yankin Batsari, ke fafutukar 'ya'yansu su ci jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha, irin ta Dutsin-Ma da ta 'yan mata a Ajiwa, ko kwalejojin fasaha na Mashi da Ingawa da Funtuwa. Makarantar Ƙanƙara da aka sace ɗalibai fiye da 300 a daren 11 ga Disamba 2020 ita ma ta kimiyya ce, kuma bayan abin ya faru gwamnati ta rufe makarantun kwana. In ana lissafin ɓarnar da 'yan bindigar dajin Rugu suka yi wa yankin nan, shanu da gonaki da rayuka ake ƙirgawa, kuma haka ya kamata. Amma a sa har da yaran da aka cire daga makarantar kwana aka mayar ta jeka-ka-dawo wadda ba ta da ɗakin gwaje-gwaje.

Shin ko kun san cewa jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu? Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, jimlar maki 400. Mai neman injiniya darussansa sanannu ne, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuma duk shekara sai an sami wanda mai shagon intanet ya cike masa Bayoloji a gurbin Lissafi, ya ci maki mai kyau, ya tashi a tutar babu. An kafa hukumar a 1978, kuma tun 2015 aka daina rubutawa da fensir, komai ya koma kan kwamfuta. Ku raba awa biyu wa tambaya 180, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya, ga yaron da wataƙila ranar ce ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta.

A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 1.95 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. A shekarar aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 na kwalejin kimiyya da fasaha, da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekaru. Kada 150 ɗin nan ta ruɗi kowa. Ƙasan rijiya ke nan. Manyan jami'o'i kan sa nasu daga 180 zuwa sama, sashen lantarki ko na gine-gine kuma ya ƙara nasa a kai, ga jarrabawar tantancewa ta jami'ar kanta tana jira.

Shin ko kun san cewa ɗan Katsina yana da ƙofa uku ta shiga jami'ar tarayya? Tsarin rabon gurabe ya ware kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohi 23 da aka ce an bar su a baya wajen ilimin boko. Katsina tana cikin 23 ɗin nan. Ke nan yaron Wagini ko Runka da ya zaɓi Zariya ko Kano, in bai shiga ta ƙofar farko ba, akwai ta biyu, akwai ta uku. Wanda ya zaɓi Legas ko Ibadan ya yar da ta biyu da hannunsa. Wasu kan ji kunyar ƙofa ta uku, wai alfarma ce. Ni dai ban ga abin kunya ba, tunda da zarar an shiga aji babu malamin da zai tambayi ta inda ka shigo kafin ya ba ka sifiri. Abin da ake buƙata kawai shi ne takardar shaidar asali daga sakatariyar ƙaramar hukuma, ta gaske, wadda sunan da ke jikinta ya dace da na sauran takardu.

Maganar suna kuwa ta isa a tsaya a kanta. Yaro ɗaya, a takardar firamare Mamman, a WAEC Muhammad, a katin ɗan ƙasa Mohammed, sunan garinsu kuma nan Ruma, can Rumah. Ranar haihuwa ta zama biyu, domin wanda ya cike fom ɗin farko ya ga 1 ga Janairu ta fi sauƙi. A gida akan lallaba da takardar rantsuwa daga kotu. Ofishin jakadancin wata ƙasa kuwa mutum uku yake gani, kuma ba ya ba mutum uku biza ɗaya. Gyaran harafi guda yana iya cin wata da watanni da kuɗin mota zuwa Katsina ba adadi, alhali da an zauna tun yaro yana aji uku an daidaita, da ko sisi ba a kashe ba.

Shin ko kun san cewa layin waya ɗaya yana iya hana yaro gurbin karatu? Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Ana tura ta ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, lambar rajista ta dawo, daga nan kuma layin ya zama na wannan ɗalibi shi kaɗai a wurin hukumar. Wanda ya ari wayar maƙwabci, ko ya bar mai shago ya sa nasa layin, duk saƙon da zai biyo baya can zai tafi. Tun 2017 kuma ba a manna sunaye a allo a ce an gama. Akwai manhajar CAPS, inda ɗalibi zai shiga da kansa ya danna cewa ya karɓi gurbin da aka ba shi, in ya yi jinkiri a ba wani. Ku tuna a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, ba a dawo da su ba sai ƙarshen shekara. A watannin nan duba admishan ya zama tafiya: a hau mota, a wuce shingayen jami'an tsaro, a isa inda waya ke kamawa. Gurbin da jami'a ta ba mutum a bayan fage ba ta CAPS ba kuwa, ranar tafiya bautar ƙasa asirinsa ke tonuwa.

'Yan mata, a kiyayi lalle. Yatsu goma ake ɗauka a wajen rajista, a sake dubawa a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma hukumar da kanta ta gargaɗi ɗalibai cewa lalle yana hana na'ura gane zanen yatsa. In bikin yayarki ya faɗo a makon jarrabawa, a ƙunsa ƙafa a bar hannu.

Shin ko kun san cewa faɗuwa JAMB ba ta rufe hanya? A Funtuwa akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake gyara wa ɗalibai kimiyyarsu, ake kuma yin IJMB, wadda in an ci ta da kyau ake shiga aji biyu kai tsaye. Mai difloma ta ƙasa da sakamako mai kyau daga Kwalejin Hassan Usman Katsina ko ta tarayya da ke Daura shi ma aji biyu zai nema. Hanyar ta fi tsawo, amma masu binta kan iso da abin da 'yan sakandare ba su da shi, wato sun san ƙamshin walda kuma sun taɓa kwance inji. Ko kana sa jar hula ko ba ka sawa, tarihin karatun Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso abin dubawa ne a nan: makarantar koyon sana'a ta Wudil, kwalejin fasaha ta Kano, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, daga nan Ingila, inda ya yi digiri na biyu a fannin injiniyan ruwa a Loughborough. Daga benci da guduma ya fara.

Shin ko kun san cewa karatun injiniya a Zariya ya girmi jami'ar kanta? Kafin a kafa ABU a 1962, ana koyar da shi a kwalejin da ke Samaru, kuma digirin Jami'ar Landan ɗaliban ke zaunawa. Ita ma Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya a Landan aka kafa ta, a 1958. Wato tun fil azal sana'ar nan tana da ƙafa ɗaya a waje. Abin da ya canza shi ne alƙibla. ABU ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Central South da ke birnin Changsha a ƙasar Sin, wadda ta yi suna a fannin jirgin ƙasa: shekara uku a Zariya, biyu a can, a fito da digirin jami'o'in biyu. Rukunin farko ya tashi a 2018. Abin lura a tsarin shi ne ba a tambayi wa ya fi maki a JAMB ba, sakamakon shekara ukun farko aka duba. Ɗalibin da ya shigo da ƙyar ta Funtuwa, ya dage a aji ɗaya da biyu da uku, yana iya wuce wanda ya shigo da 300 ya shantake a dandalin shaƙatawa.

Shin ko kun san cewa a cikin jihar Katsina akwai jami'ar da kamfanin ƙasar waje ya gina? Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina ta a kan dala miliyan 50. Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a Disamba 2019, ɗalibanta na farko suka fara a zangon 2023/2024. Ana koyar da injiniyan layin dogo da na manyan hanyoyi, ban da su lantarki da kanikanci da gine-gine, kuma ta JAMB ake shiga kamar kowace. Ku haɗa wannan da layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke shimfiɗawa tun bayan ƙaddamar da shi a Fabrairu 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jibiya kuwa bango ɗaya suke da Batsari. Haka injinan iska 37 na Lambar Rimi, kamfanin Faransa aka ba kwangilarsu. Baƙi za su gama su tafi, gyara da kula kuma sai wanda ke zaune a nan.

Shin ko kun san cewa gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗalibai 41 Masar karatun likita, da wasu 68 ƙasar Sin karatun ƙirƙirarriyar basira da fasahar halittu, kuma 'yan makarantun gwamnati aka nema? In aka raba 68 wa ƙananan hukumomi 34, biyu-biyu ke nan. Kaɗan ne ƙwarai, amma ɗan makarantar ƙauye ba da ɗan makarantar kuɗi ta Abuja aka haɗa shi kokawa ba. Tsohuwar hanyar nan ta tallafin karatu a waje ta gwamnatin tarayya kuwa, wadda ta kai 'yan Arewa da yawa Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta a Afrilu 2025, don haka duk wanda ya zo muku da fom ɗinta yana neman kuɗi, ku san inda kuka ajiye shi. Tallafin PTDF na nan, amma na masu digiri ne da suka gama bautar ƙasa da sakamako mai daraja, masu neman digiri na biyu ko na uku.

Turkiyya ta fi sauƙin nema: ta intanet, kyauta, daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Sharaɗin digirin farko shi ne kada a kai shekara 21, kuma sakamakon sakandare ya kai kashi 70 cikin ɗari, kodayake masu samu kan wuce haka nesa. Ana biyan kuɗin makaranta da masauki da jirgi, a kuma ba da shekara guda ta koyon Turkanci. Wannan iyaka ta shekara 21 ita ke kayar da 'yan yankinmu, domin yaron da gudun hijira ya cinye masa shekara biyu, ya maimaita WAEC, ya jira JAMB, kafin ya ji labarin tallafin ya tsufa. Akwai kuma wadda ba kowa ya san ta ba, Jami'ar Fasaha ta Musulunci da ke Gazipur kusa da Dhaka a Bangaladash. Ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ce, injiniya ce babbar sana'arta, da Turanci ake koyarwa, tana ba 'yan ƙasashen ƙungiyar tallafi, Najeriya kuma mamba ce tun 1986. Ta hannun hukumar da gwamnatin ƙasarku ta wakilta ake miƙa suna.

Shin ko kun san cewa yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, amma ba a ba da biza sai an kulle Yuro 11,904 a asusu na musamman, guzurin shekara guda, bisa adadin da aka sa a 2024? Mai WAEC zalla galibi sai ya yi shekarar share fage da Jamusanci tukuna. Ingila ma shekarar share fage take nema, da jarrabawar Turanci ta IELTS, da kuɗin da ko an sayar da garke ba lallai ya isa ba. WAEC ta fi NECO sanuwa a waje, kuma masu ba da tallafi sun fi son sakamakon zama ɗaya. Ga mai jin Faransanci, ko mai dangi a Maraɗi da zai je ya koya, akwai makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG a Yamai, da cibiyar 2iE a Wagadugu mai koyar da injiniyan ruwa da muhalli da makamashi, wadda hukumar tantance injiniyoyi ta Faransa ta amince da digirinta.

Ba kowace takardar waje ce takarda ba. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Da shigowar Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Binin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Duk digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi kafin bautar ƙasa, kuma a nan ma za a sake tambayar kiredit ɗin sakandaren nan da aka gudu aka bari.

Shin ko kun san cewa shekara biyar ɗin jami'a ba ta sa a kira mutum Injiniya a hukumance? Ana yin wata shida na aji huɗu a masana'anta ko wurin aiki, a gama, a yi bautar ƙasa, a tara ƙwarewar shekara huɗu, sannan hukumar COREN, wadda aka kafa da doka ta 55 ta 1970, ta yi wa mutum rajista ya sami hatimi. Mai babbar difloma rajistar masanin fasaha ake yi masa, sai ya ƙara karatu ya hau matakin injiniya. Kafin a cike sunan kowace jami'a, a bincika ko sashen da ake so yana da amincewar NUC da ta COREN duka biyun, domin jami'a tana iya zama halastacciya alhali wani sashenta bai samu ba. A watan Yuni na 2023 aka karɓi COREN a matsayin mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da New Zealand da Ayalan suka ƙulla a 1989 don amincewa da digirin injiniyan juna. Afirka ta Kudu ta zama cikakkiyar mamba tun 1999. Matsayin wucin gadi bai ba da wannan amincewa ba tukuna, matakin gwaji ne. Cikakken matsayi shi ke sa hukumomin waɗancan ƙasashe su ɗauki digirin Samaru daidai da nasu.

Saura kuɗi. Tun Mayu 2024 asusun NELFUND ke ba ɗaliban makarantun gwamnati bashi marar ruwa: a biya kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, a ba ɗalibi Naira 20,000 duk wata, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bai shafi karatu a waje ko jami'a mai zaman kanta ba. Wajen nema za a tambayi lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi ta jami'a, kuma na'ura ce ke gwama su, don haka Mamman ɗin can da Muhammad da Mohammed sai sun zama mutum ɗaya kafin kwabo ya fito.